Tayar da tsohuwar Vespa P150X a gida: ta ina za a fara?

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya gaji Vespa P150X daga mahaifinsa, ta fi shekara goma a jingine a zaure. Yana so ya tashe ta da hannunsa, ya sake mata fenti, ya kuma ɗora mata babban bulok ɗin nan mai cc 177 da yake jin labari. Ta ina zai fara, kuma ina ya kamata kuɗinsa su tafi?

Malam, Allah ya jiƙan Baba. Abin da ka gada ya cancanci wahalar. Kamfanin Piaggio na Pontedera a Italiya ya fito da wannan samfuri a 1978, aka yi ta ƙera shi da 'yan sauye-sauye har kusan shekara arba'in, don haka kayan gyaransa ba su yanke ba. Sai dai jerin da ka kawo a kife yake. Fenti da bulok 177 su ne na ƙarshe. Na farko bodi ne, na biyu inji ya daina shan iska ta inda bai kamata ba, na uku birki.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, kada ka taka kik. Injin da ya yi shekara goma a kwance zobensa ya manne, tankinsa cike da tsatsa. Cire fulogi, zuba cokali ɗaya na man tu-sitirok a ramin, ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka juya filawul da hannu ka ji ko yana motsi. Sai ka cire murafun gefe ka nemo lambar bodi. Ta P150X tana farawa da VLX1T, ta injin kuma VLX1M, an buga ta a hannun injin kusa da inda salansa ke ɗaure. Duba wannan da kyau, don Basfa da yawa a ƙasar nan sun sha dashe. Za ka ga bodin Italiya da injin Bajaj ko na LML na Indiya, kuma idan ka sayo kaya bisa sunan da ke jikin allon gaba alhali injin wani ne, asara ce. Kayan LML yawanci suna shiga wannan samfurin, don daga shi aka kwafe ta. Bajaj Chetak kuwa daga tsohuwar Vespa Sprint ta fito, abubuwa da dama ba sa haɗuwa.

Vespa ba ta da shasi na bututu kamar Jincheng. Bodin da kake gani shi ne ƙashin bayanta, falle-fallen ƙarfe ne aka matse aka haɗa da walda. Idan ya ruɓe ko ya lanƙwashe, babu injin da zai gyara tafiyarta. Ɗage tabarmar ƙasa, ka kwantar da ita a gefe kan tsohuwar katifa, ka bi ƙarƙashin da sukudireba kana dannawa, musamman gefen doron tsakiya da wayoyi ke bi ta ciki. Inda ƙarfe ya lotsa kamar gwangwanin madara, ya mutu. Duba kuma gwiwar da doron ya lanƙwasa ya hau zuwa wuya. Idan ka ga wani ɗan tudu ko ninki a wurin, ta taɓa yin karo ta gaba, kuma wuyan ya ja baya. Irin wannan sai an ɗaure ta a ma'auni an ja, ba aikin tsakar gida ba ne. Haka nan saman da shokazoban baya ke ɗaure, yakan tsage. Ka bi jikin da maganaɗisu. Duk inda ya ƙi kamawa, foti ne aka cusa a rufe wani abu.

Ƙasan da ya ruɓe ana sayar da sabon falle. Ka roƙi mai walda ya yi ɗigo-ɗigo yana tsallakawa yana barin ƙarfen ya huce. Mai waldar ƙofa da taga idan ya ja wuta doguwa a ƙarfe mai sirantar nan, zai murɗe maka bodin gaba ɗaya.

Yanzu inji. Noti dogo guda ɗaya ne ya riƙe shi ta gaba, sai na shokazoba ta baya. Ka saki wayoyin giya biyu, na kuloci, na totur, na cok, na birkin baya, da tiyon fetur, ka sauke shi ka ɗora a benci. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, ka tanadi gwangwanaye ka rubuta suna a jiki. Akwai kayan aiki huɗu da guduma ba ta maye gurbinsu: abin zaro filawul mai zare M28, makullin notin kuloci mai haƙora, ma'aunin tazara mai falle-falle, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ka kuma nemi sifana mai lamba 11, don notocin injin M7 ne, girman da ba kasafai ake samu a sauran babura ba. Masu dukan filawul da guduma don ya fita su ne suke lanƙwasa bakin karanshaf su kuma raunana maganaɗisun ciki.

Mutane da yawa suna wanke kafireto su sa sabon fulogi, inji ya tashi, su ce an gama. Zai tashi kam. Amma injin tu-sitirok da matsin cikin tukunyarsa, wato akwatin da karanshaf ke juyawa a ciki, yake numfashi, kuma robobi biyu ne suke tsare wannan matsin, wato oyilsil na kowane gefen karanshaf. Robar da ta shekara goma ba ta motsa ba ta ƙeƙashe. Idan ta gefen filawul ta saki, inji zai ja iska ta nan, fetur ya yi masa kaɗan, silo ya riƙa hawa da kansa, zafi ya ƙaru, wata rana kana tsakiyar titi fistin ya kama tayar baya ta tsaya cak. Idan ta gefen kuloci ce, zai riƙa zuƙar man giya, ka ga farin hayaƙi mai kauri, in ka buɗe notin man giya ka ji warin fetur. Ta gefen kuloci daga ciki take, ba a kai gare ta sai an raba injin biyu. Saboda haka a raba shi. Ba zaɓi ba ne.

Da ka raba, abu na farko da za ka kalla shi ne wani ɗan wuri mai santsi a bangon tukunyar, daidai ƙarƙashin ramin kafireto. Wannan injin ba shi da bawul na daban. Kumatun karanshaf ne yake shafar wannan wurin yana buɗe ramin yana rufewa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce milimita 0.05, in ta yi yawa 0.10. Idan tsakuwa ko gutsuren zobe ya taɓa bi ta nan, za ka ga zane-zane masu zurfi da farce ke kamawa. Alamarsa a tafiya ita ce kafireto yana tofo fetur baya, akwatin iska kullum a jiƙe, silo ba ya zama. Ƙananan zane ana cikewa da gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu a goge a hankali. Manya sai walda ta alminiyam da injin yanka, ko a nemi wata tukunyar. Kada ka taɓa goga sanfefa a wurin da sunan tsaftacewa.

Karanshaf: riƙe sandar fistin ka ja sama ka tura ƙasa. Motsi gefe da gefe kaɗan daidai ne, amma sama da ƙasa bai kamata ka ji komai ba. In ka ji, ko ka ga tsatsa a inda oyilsil ke zama, canza shi dungurungum. Boris biyu ne: na gefen kuloci mai ƙwallaye, 25 da 62 da 12, na gefen filawul mai allurai, 25 da 38 da 15. Ba a buga su da guduma. Sa boris a firiza ya kwana, ka gasa tukunyar da fitilar gas ko a kan risho har in ka ɗiga ruwa ya yi tsalle, sai ka saka shi, zai faɗa da kansa. Oyilsil na gefen kuloci iri biyu ne, mai bakin roba da mai bakin ƙarfe. Tukunyar da ke da kwarmi a mazaunin tana ɗaukar mai roba. Ka je kasuwa da tsohon a aljihu.

A nan ne ba a neman araha. Boris, oyilsil da gicciyen giya su ne suka fi kowane abu wahalar kaiwa, kuma su ne jabu ya fi yawa a ciki. Madubi ko fitila in sun lalace minti biyar ne. Oyilsil na jabu kuwa sai ka sake sauke inji.

Gicciyen giya wani ɗan ƙarfe ne mai hannu huɗu da ke zamewa cikin sandar baya yana kama giya ɗaya bayan ɗaya. Shi aka yi don ya ci, a madadin giyoyin. Idan kusurwoyinsa suka zama da'ira, Basfa za ta riƙa fitar da giya da kanta, galibi ta uku, daidai lokacin da ka murɗa totur. Tunda ka buɗe, canza shi ko da ya yi kyau a ido. Sandar da ta riƙe shi zarenta na hagu ne, wato ta inda ake ɗaure sauran notoci ta nan ake kwance ta. Sanduna da yawa sun karye a hannun wanda bai san haka ba. Gicciyen tsohon samfuri mai ɗan lanƙwasa ne, na waɗanda suka zo daga tsakiyar shekarun 1980 kuma shimfiɗaɗɗe, ba sa musanya. Giyoyi huɗun ka zare su ka ɗaure da waya yadda suke, don kowacce tana da fuska. Bayan ka mayar, sa ma'aunin tazara guda biyu, ɗaya ta kowane gefe, ƙarƙashin wasar ƙarshe, wato zoben ƙarfen da ke tare giyoyin. Ana son milimita 0.2 zuwa 0.4. In ya fi haka, a sa wasa mai kauri, in ba haka ba sabon gicciyen ma ba zai daɗe ba.

Kuloci ba shi da wuya. Faifai masu laushin fuska uku ne, ka jiƙa sababbin a man giya su kwana, ka sa sababbin sifirin guda shida, ka duba faifan ƙarfen a kan gilashi ko sun karkace. Ka canza 'yan robobin da ke tare kik tun inji yana buɗe, don ba su da tsada. Wajen haɗa tukunyar, in ta ƙi rufuwa saura kaɗan, kada ka ja ta da noti. Ɗan danna kik ƙasa haƙoran su shiga juna, za ka ji ta zauna. A sifana mai auna ƙarfin ɗauri, notocin tukunya Nm 13 zuwa 15, na kuloci 40 zuwa 45, na filawul 60 zuwa 65. Man giya SAE 30 ne, mililita 250 kacal.

Bulok ɗin asali faɗinsa milimita 57.8 ne, tafiyar fistin 57. Idan zanen ciki bai yi zurfi ba, masu tana za su rarake shi zuwa 58.0 ko 58.2, amma ka sayi fistin tukuna ka kai musu tare, su yanka daidai da shi. Tura zobe cikin bulok ka auna bakinsa, 0.2 zuwa 0.35 ake so. Kibiyar da ke kan fistin tana kallon ramin salansa. Kilif ɗin fil ɗin fistin sababbi kawai, don tsohon da ya fita a tafiya shi ne yake yin zanen nan da muka ambata. Notocin kai a ɗaure su a gicciye, Nm 16 zuwa 18.

Kafin ka mayar da inji, yi masa gwajin iska. Toshe ramin kafireto da falle da roba. A bakin salansa ka ɗaura guntun tsohon tib na keke mai bawul, ka ƙulle ɗaya bakin. Bar fistin a ƙasa, ka hura da famfon keke kaɗan, kada matsin iskar ya wuce bar 0.4, ka jira minti biyar. Idan tib ɗin ya saki, fesa ruwan omo a gindin bulok, a oyilsil na filawul, da layin da tukunya ta haɗu, ka ga inda kumfa ke tashi. In babu kumfa a waje amma iska na fita ta numfashin akwatin giya, oyilsil na ciki ne bai zauna ba. Ɓacin ran sake buɗewa a benci bai kai na sake buɗewa bayan fistin ya narke ba.

Kafireton Dell'Orto ne, SI 20/20. Babban jet ɗinsa na asali, wato ɗan sukuru mai rami da ke auna fetur, yana tsakanin 98 da 102, gwargwadon shekara. A wanke da fetur a hura da iska, ban da tsokana da allura ko wayar birki, don tana faɗaɗa ramin. Cutar wannan kafireton ɗaya ce: notoci biyun da suka riƙe shi idan aka matse su fiye da Nm 16 zuwa 20, gindinsa yakan karkace, ya sha iska, marfin totur ya riƙa maƙalewa. Manna sanfefa mai lamba 400 a kan gilashi ka goga gindin har ya yi fari bai ɗaya. Sukurun haɗi na baya ka ɗaure shi a hankali ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi in mai kaurin zare ne, biyu da rabi in mai siririn zare ne, daga nan ka daidaita da kunne. Robar nan mai kama da zugazugi da ta haɗa akwatin iska da bodi, wadda makanikai ke yarwa, ka sa sabuwa. Matatar iskar Vespa raga ce kawai, kuma ƙurar hunturu in ta shiga kai tsaye, ita da mai sukan zama kamar garin wasa wuƙa a cikin bulok.

Tanki ka zuba masa tsakuwa da kananzir ka girgiza har tsatsa ta daina fita, ka canza famfon buɗe mai. Babu famfon tura mai, da nauyinsa fetur ke gangarowa, don haka tiyo ya zama kusan santimita 60. In ya fi haka yakan naɗe a ƙarƙashin tanki, ka ga tana mutuwa duk lokacin da mai ya yi ƙasa. Haɗin mai kashi 2 cikin ɗari ne, mililita 20 a kowace lita, wato 100 a lita biyar. Man tu-sitirok na gaske, ba baƙin man mota ba, wanda ke toshe salansa da gawayi ya manne zobe. Kuma zuba ninki biyu ba ƙarin kariya ba ne.

Wuta: in mai kwantak ce, tazarar 0.4, lokacin tartsatsi digiri 21 kafin fistin ya kai ƙololuwa. In mai akwatin lantarki ce, digiri 18, alamar IT a faifan koyil. Da mita za ka gane lafiyar koyil ɗin: tsakanin kore da fari kusan om 500, tsakanin ja da fari kusan 110. Rigar waɗannan wayoyin takan rududduge kamar busasshen ganye, a sake su. Idan akwai kwaskwarima ɗaya da na fi ba ka shawara a kai, ita ce mayar da mai kwantak zuwa lantarki mai bolt 12. Filawul da koyil na PX, wato samfurin da ya biyo bayanta, suna hawa bakin karanshaf ɗin P150X, sai a ƙara regileta a gyara wayoyi. Za ka samu fitilar da ake ganin hanya da ita, ka huta da gyaran kwantak. Fulogi NGK B7HS, gajeren zare, tazara 0.6.

Birki da taya ba su da dogon bayani, amma kada a tsallake. Taya 3.50-10 ce, kuma wadda ta shekara goma a ajiye ta tashi aiki ko da zanenta sabo ne. Wilin falle biyu ne, ka sace iska gaba ɗaya kafin ka kwance notocin da suka haɗa su. Matsin iska bar 1.3 a gaba, 1.8 a baya, 2.3 in da goyo. In takalmin birkin baya ya jiƙe da mai, oyilsil na sandar baya ne, kuma takalmin ba ya wankuwa. Notin gangar baya kusan Nm 90, da sabon fil mai tsaga. Boris ɗin wuya na sama da na ƙasa a canza a cika da giris.

Sai ka haɗa ta haka nan da tsohon fentinta, ka hau ta kilomita ɗari biyu ko uku. Duk ramin da za a huda, duk waldar da ta rage, duk kujera ko kariya da kake son ɗorawa, yanzu za su bayyana. Bayan nan ne za a sake kwancewa a yi fenti: a kankare har ƙarfe, a fesa share fage na ifoksi, foti ya zama siriri, sannan launi. Fenti mai haɗin hadina guba ne ga huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi, sai takunkumi mai matata. Ka guji watannin hazo, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka yi da sassafe. Wayoyin da ke cikin doron tsakiya kuwa kada ka zare su haka kawai. Ɗaura sabuwa a wutsiyar tsohuwa ka ja, ko ka bar siririyar waya a madadin kowacce, don ramin makaho ne, zura waya a cikinsa daga farko yakan cinye yini.

To, bulok 177. Faɗinsa milimita 63 ne a kan karanshaf ɗinka na 57, kuma DR, Polini, Pinasco da BGM duk suna yin sa. Na DR na baƙin ƙarfe shi ne mai sanyin hali, yana hawa ba tare da an taɓa tukunya ba, ya ƙara ƙarfin ja da goyo da hawan tudu. Na alminiyam sun fi ƙarfi da saurin huce zafi, sun kuma fi son a faɗaɗa ramukan tukunya a sa kafireto 24. Ga mai yin aikin farko a gida, a ganina na baƙin ƙarfen ya isa, kuma sai injin asali ya yi kilomita dubu lafiya tukuna. Dalili shi ne, in ka sa komai lokaci ɗaya matsala ta taso, ba za ka san daga ina take ba.

Ranar da ka ɗora shi, jet ɗin asali ya yi kaɗan, kuma wannan ne ke kashe yawancinsu a makon farko. Fara da babba, kamar 114, ka riƙa sauka biyu-biyu har inji ya daina tari in an buɗe totur duka, ka tsaya a nan. Lokacin wuta ya dawo digiri 18. Fulogi mai lamba 8, tsawon zarensa kuma gwargwadon kan da ya zo da bulok ɗin, don wasu dogon zare suke ɗauka. Auna tazarar fistin da kai ta hanyar zura wayar dalma ta ramin fulogi har ta taɓa bango, ka juya filawul ta matse, ka auna kaurinta ka gwada da takardar da ta zo a kwalin. In ka canza salansa daga baya, jet zai sake neman ƙari. Haƙoran kuloci na yawancin 150 guda 21 ne, ana iya sa 22 don inji ya rage kuka a doguwar hanya. Hular da ta rufe bulok da murfin fanka kada a cire su don ado, su ne ke kai iska inda zafi yake, balle a watan Afrilu.

Kilomita dubun farko kada ka riƙe totur a buɗe na dogon lokaci, ka riƙa sauya gudu. Bayan ɗari biyu ka sake bin notocin kai da na salansa inji na sanyi, ka juye man giya. Don karanta fulogi, ka ja ta da ƙarfi a giya ta uku na kusan rabin minti, ka kama kuloci ka kashe inji a lokaci ɗaya, ka gangara gefe ka cire. Launin ƙasa-ƙasa kamar kunun gyaɗa mai tsamiya daidai ne. Baƙi mai danshi, jet ya yi girma. Fari ko toka-toka, ƙara jet lamba huɗu nan take kafin ka sake hawa.